Google Drive, Proton, Nextcloud ko Syncthing: a hannun wa ya kamata makullin fayiloli ya zauna?

Ɗan kasuwar da zai ajiye kaya a sito yakan tambayi kuɗin haya da girman ɗaki, amma idan ya taɓa yin asara, tambayar da zai fi matsawa a kanta ita ce mutum nawa ne ke riƙe da makullin ƙofar. Wannan tambaya ce ya kamata ta ja ragamar zaɓen wurin ajiye fayiloli a intanet, abin da ake kira gajimare. Sunan yana ruɗin mutane, domin babu wani gajimare a cikin maganar. Kwamfutoci ne na wani kamfani, jere a cikin wani gini, a wata ƙasa mai dokokinta da kotunanta. Aikin da manhajojin nan ke yi iri biyu ne: suna daidaita fayiloli, wato duk abin da aka canza a waya ya canza a kwamfuta, kuma suna ba da damar tura wa wani fayil ta hanyar mahaɗi. Wanda ya rasa ta cewa tsakanin ci gaba da Google Drive da komawa wani wurin da ake cewa ya fi tsaro yana bukatar ma'auni a hannu kafin ya saurari tallar kowa.

Ma'aunan da za a yi awo da su

Na farko shi ne makulli. Kusan kowane kamfani zai ce yana kulle bayanai, kuma gaskiya yake faɗa, sai dai kullen hawa uku ne. Akwai kullen kan hanya, wanda ke hana mai leƙe tsakanin wayarka da kamfanin ganin abin da ke wucewa. Akwai kullen cikin ma'ajiya, wanda ke amfani idan wani ya ɗauke faifan ajiya daga ginin kamfanin. A duka biyun nan makullin yana hannun kamfanin, saboda haka shi yana iya buɗewa, ma'aikacinsa maci amana yana iya buɗewa, haka ma wanda ya yi masa kutse ko hukumar da ta zo masa da takardar kotu. Hawa na uku shi ne a kulle fayil tun yana cikin na'urarka, da makullin da kalmar sirrinka ce kaɗai ke buɗe shi, ta yadda abin da zai isa kamfanin tarkacen haruffa ne da ba ya karantuwa. Wannan tamkar ka kai akwatinka sito ne da kwaɗonka a jiki, kuma daga nan zan riƙa kiransa kullen mai kaya.

Na biyu shi ne dokar ƙasar da kamfanin yake. A 2013 takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna shirin PRISM, wanda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke karɓar bayanai ta cikinsa daga kamfanoni irin su Microsoft da Google da Apple. A 2018 kuma Amurka ta yi dokar CLOUD Act, wadda ta bai wa hukumominta damar tilasta wa kamfanin ƙasar ya miƙa bayanai ko da a wata ƙasa ya ajiye su. Turai ma ba ta tsira ba. A watan Fabrairun 2025 Apple ya janye tsarinsa na kullen mai kaya daga sababbin masu amfani da shi a Birtaniya, bayan gwamnatin ƙasar ta nemi a ba ta hanyar shiga.

Na uku shi ne ɗorewa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Daidaita fayiloli daban, ajiyar ko-ta-kwana daban. Manhajar daidaitawa ba ta san goge-goge na ganganci da na kuskure ba. Idan yaro ya goge folda a waya, za ta goge ta a kwamfuta da kuma can wurin kamfanin cikin daƙiƙoƙi, haka nan idan manhajar masu neman kuɗin fansa ta lalata fayilolin kwamfutar ofis, lalatattun za ta kwafa ko'ina. Abin da ke ceton mutum shi ne tsawon lokacin da kamfanin ke riƙe tsofaffin kwafi, wanda a yawancin tsare-tsaren talakawa kwana 30 ne. Shi kansa kamfanin yana iya naɗe tabarmarsa: hukumomin Amurka sun rufe Megaupload a Janairun 2012 da fayilolin mutanen da ba su ji ba su gani ba a ciki, Ubuntu One ya rufe a 2014, Amazon Drive ya rufe a ƙarshen 2023.

Na huɗu shi ne ƙofar asusun kanta, wato yadda ake shiga da yadda ake dawowa idan an manta kalmar sirri ko an sace waya. Na biyar shi ne sauƙin aiki, musamman idan mutum da yawa ke taɓa takarda ɗaya. Na shida shi ne kuɗi, wanda a wajenmu ya haɗa da kuɗin wata da kuɗin data da kuɗin wuta. Wanda ya ɗora gigabait 50 zai biya datar ɗora su, sannan ya sake biyan wata 50 ɗin a kowace na'urar da zai sauke su, kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Manyan huɗu: Google Drive, OneDrive, Dropbox da iCloud

Ta fuskar sauƙi babu mai kama ƙafarsu. Duk mai wayar Android ya riga ya mallaki gigabait 15 na Google kyauta, ko da yake Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp duk a cikinsu suke ci. OneDrive da iCloud suna ba da 5, Dropbox yana ba da 2 kacal kuma ya taƙaita mai asusun kyauta ga na'ura uku. A farashin Amurka, gigabait 100 na Google ko na Microsoft dala 1.99 ne a wata, gigabait 200 na iCloud dala 2.99, terabait 2 kuwa ya kama kimanin dala 10 a wurin Google da Apple, ya ɗan ɗara haka a Dropbox idan wata-wata ake biya. Mutum goma suna iya gyara takarda ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ana iya neman kalma a cikin dubban fayiloli a same ta nan take.

Wannan sauƙin kansa shaida ce cewa kamfanin yana ganin abin da ke ciki, domin ba a neman kalma a cikin akwatin da ba a iya buɗewa. Kamfanonin suna bin fayiloli da na'ura don gano haramtattun abubuwa, kuma na'ura tana kuskure. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco da ya ɗauki hoton ciwon da ke jikin ɗansa don a nuna wa likita, na'urar Google ta ɗauki hoton a matsayin na cin zarafin yara, aka rufe masa asusu. 'Yan sanda sun bincika sun wanke shi, amma kamfanin ya ƙi mayar masa da asusun, ya rasa wasiƙu da hotuna da lambobin mutane na shekaru. A ganina wannan haɗarin ya fi kusa da mutum fiye da na leƙen asirin gwamnati, domin babu alƙalin da za a kai wa ƙara, kuma wanda ke Gusau ko Damagaram bai da ofishin da zai je ya yi bayani. Tun daga Disambar 2023 kuma Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, abin da ya kamata magadan da ke da takardun mamaci a irin wannan asusu su sani.

Tarihin kutse ya fi fitowa fili a Dropbox. A watan Yunin 2011 wani kuskure a manhajarsa ya sa na kimanin awa huɗu ana iya shiga kowane asusu da kowace kalmar sirri. A 2012 aka shiga ta asusun wani ma'aikacinsa da kalmar sirrin da aka sato daga wani shafi daban, kuma sai a 2016 aka gane cewa bayanan shiga na asusu kusan miliyan 68 ne suka fita. Hotunan fitattun 'yan fim da aka kwashe daga iCloud a 2014 kuwa ba katangar Apple aka fasa ba, yaudarar masu asusun aka yi da wasiƙun bogi har suka miƙa kalmar sirrinsu da hannunsu. Adalci ya sa a faɗa cewa kamfanonin nan suna da ma'aikatan tsaro da babu wata ƙaramar ma'aikata da za ta iya ɗauka, kuma asarar fayil saboda lalacewar na'urarsu abu ne mai wuyar gaske. Rauninsu yana ga ƙofar asusu da kuma mahaɗin rabawa. Mahaɗin da aka buɗe wa duk wanda ya same shi, da zarar ya faɗa zauren WhatsApp ya fita daga hannun mai shi, kuma Google Drive ba ya ba da damar sa wa mahaɗi kalmar sirri.

Tsakanin su huɗu akwai bambanci. Dropbox da OneDrive suna ɗora ɓangaren fayil da ya canza ne kawai, abin da ke rage cin data ga mai manyan fayiloli. OneDrive yana ba mai biyan Microsoft 365 damar mayar da dukan ma'ajiyarsa yadda take a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce, kuma wannan magani ne mai kyau ga masu neman kuɗin fansa. Apple kuwa tun Disambar 2022 ya ba da zaɓin kullen mai kaya a iCloud, amma sai mutum ya kunna shi da kansa, kuma amfaninsa ya fi yawa ga gidan da kowa ke riƙe da kayan Apple.

Kamfanonin da ke barin makulli a hannun mai kaya

Proton Drive na Suwizalan, wanda ya fito ga jama'a a 2022, shi ne ya fi sauƙin fara amfani a wannan rukuni. Yana ba da har gigabait 5 kyauta, gigabait 200 kuma kimanin dala 4 zuwa 5 a wata, wato ya fi iCloud tsada a kan adadi ɗaya. Yana kulle fayil har da sunansa, tushen manhajarsa a buɗe yake ga masu bincike, kuma mahaɗin rabawarsa yana karɓar kalmar sirri da ranar mutuwa. Tresorit, wanda hukumar gidan waya ta Suwizalan ta sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2021, ya fi karkata ga ma'aikatu irin su ofisoshin lauyoyi da asibitoci, kuma kuɗinsa ya haura dala 10 a wata a kan terabait 1. MEGA na New Zealand ya fi kowa kyauta da gigabait 20, sai dai yana ƙayyade yawan abin da mai asusun kyauta zai sauke. pCloud yana yawan shiga jerin nan, alhali kullen mai kaya a wurinsa ƙari ne da ake saya daban.

Bai kamata a ɗauki kalmar kullen mai kaya tamkar laya ba. A 2022 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich sun nuna cewa wanda ya mallaki sabar MEGA, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin mutane, yana iya yaudarar manhajar mai asusu har ya gano makullinsa, abin da ya tilasta wa kamfanin yin gyara. A Oktoban 2024 masu bincike na wannan jami'a sun sake duba kamfanoni biyar, suka sami manyan kurakurai a huɗu, wato Sync da pCloud da Icedrive da Seafile, Tresorit ne kaɗai nasa suka zo da sauƙi. Duk hare-haren nan sai wanda ya riga ya ƙwace sabar kamfanin ne zai iya kai su, amma ai wannan ne ainihin abin da aka yi alƙawarin karewa. Haka kuma kulle abin da ke cikin fayil bai hana kamfanin sanin daga ina aka shiga ba. A 2021 Proton ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutukar kare muhalli na Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan, ko da yake bai iya buɗe wasiƙunsa ba.

Babban haɗarin wannan rukuni yana ga mai kayan kansa. Idan ya manta kalmar sirri kuma bai adana kalmomin ceto da aka ba shi ranar buɗe asusu ba, kamfanin yana iya mayar masa da asusun amma ba ya iya buɗe masa tsofaffin fayiloli. Mutumin da ya saba zuwa wurin mai gyaran waya a buɗe masa sabon imel duk lokacin da ya canza waya, wannan tsari zai fi cutar da shi fiye da yadda zai kare shi.

Kwaɗonka a kan siton wani: Cryptomator

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma ita na fi yabawa ga mutum ɗaya. Cryptomator manhaja ce ta wani ƙaramin kamfani a Jamus, tushenta a buɗe, kyauta a kwamfuta, a waya kuma ana biyan kuɗinta sau ɗaya. Tana ƙirƙirar folda ta musamman a cikin Google Drive ko OneDrive ko Dropbox, duk abin da aka sa a ciki sai ta kulle shi da sunansa kafin ya bar na'urar. Ta haka mutum ya sami arahar babban kamfani da ƙarfin na'urorinsa, makulli kuma yana aljihunsa. Da yake fayil ɗaya-ɗaya take kullewa, gyara takarda guda ba ya sa a sake ɗora dukan foldar. Abin da kamfanin zai iya gani shi ne yawan fayiloli da kimanin girmansu da lokacin da aka taɓa su.

Abin da aka rasa shi ne buɗe takarda a burauza, da gyaran haɗin gwiwa, da tura mahaɗin fayil guda ga wanda ba shi da manhajar. Kuma idan aka rufe asusun, kullen ba zai dawo da komai ba. Akwai wata manhaja makamanciyarta mai suna Boxcryptor da mutane da yawa suka dogara da ita, Dropbox ya sayi fasaharta a ƙarshen 2022 aka daina karɓar sababbin masu amfani. Wannan ne dalilin da ya sa buɗaɗɗen tushe ke da muhimmanci a nan, domin ko kamfanin ya mutu, hanyar buɗe fayilolin ba ta mutu da shi ba.

Gina sitonka da kanka: Nextcloud da akwatin ajiya na ofis

Nextcloud, wanda Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016 bayan ya bar kamfanin ownCloud, manhaja ce ta kyauta da ke ba ma'aikata irin abin da Google Drive ke bayarwa amma a kan sabarta. Gwamnatin tarayyar Jamus tana amfani da shi, haka ma jihar Schleswig-Holstein. Ana iya ɗora shi a kan sabar haya ta 'yan daloli a wata, ko a kan kwamfutar da ke cikin ofis, ko a sayi akwatin ajiya irin na Synology ko QNAP mai nasa manhajar. Ba a biyan kuɗin kowane ma'aikaci daban, babu na'urar wani da za ta rufe asusu, kuma an san ginin da bayanan suke.

Sai dai duk aikin da dubban ma'aikatan Google ke yi ya dawo kan mutum ɗaya, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Yunin 2021 masu kutse sun goge dukan abin da ke cikin akwatunan My Book Live na kamfanin Western Digital da ke haɗe da intanet, akwatunan da rabonsu da sabunta manhaja tun 2015. A Janairun 2022 masu neman kuɗin fansa na DeadBolt sun kulle dubban akwatunan QNAP. Sabar haya ma ba ta fi ƙarfin ƙaddara ba: gobarar da ta cinye wani ginin kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa a Maris 2021 ta tafi da bayanan waɗanda ba su da kwafi a wani wuri. Wanda ya yi hayar saba kuma ya tuna cewa mai ginin yana iya kaiwa ga faifansa, don haka batun makulli bai ƙare ba. A ƙasashenmu akwai ƙarin nauyi biyu. Sabar cikin ofis tana bukatar sola ko inbata da ba sa yankewa da ɗaki mai sanyi marar ƙura, kuma layukan data na waya ba sa bai wa mutum adireshin intanet nasa shi kaɗai, saboda haka shiga sabar daga waje sai an bi ta wata dabara.

Ba tare da sito ba: Syncthing

Syncthing ya ɗauki wata hanya dabam. Babu kamfani a tsakiya, babu asusu, babu kuɗin wata. Ana gabatar da na'ura ga 'yar'uwarta ta hanyar lambar shaida, daga nan su riƙa musayar fayiloli kai tsaye a kulle. Idan suna kan Wi-Fi ɗaya ba sa cin data ko kaɗan, kuma ba sa bukatar intanet. Wanda ya ga yadda aiki ya tsaya a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, ko wanda ya zauna a Zamfara lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Satumbar 2021, ya san darajar tsarin da ke aiki a cikin ɗaki ɗaya ba tare da ya je Turai ya dawo ba.

Sharaɗinsa shi ne sai na'urorin biyu suna kunne a lokaci ɗaya. Ba ya ba da mahaɗin tura wa baƙo fayil, ajiye tsofaffin kwafi a kashe yake zuwa sai an kunna shi, kuma idan waya da kwamfuta suna jaka ɗaya aka sace jakar, shi ke nan. Masu shi ba su yi masa manhajar iPhone ba, ta Android kuwa an daina sabunta ta a ƙarshen 2024, sai wani reshe da masu sa kai ke kula da shi.

Ya kamata a ɗan taɓo WhatsApp da Telegram, tunda a aikace su ne ma'ajiyar mutane da yawa. Saƙon WhatsApp yana da kullen mai kaya, amma ajiyarsa da ke tafiya Google Drive ba ta da shi sai an kunna zaɓin da aka ƙaro a 2021. Hirar yau da kullum ta Telegram, har da wurin da mutum ke tura wa kansa fayiloli, makullinta yana hannun kamfanin. Dukansu biyu kuma a kan lambar waya suka rataya.

| Zaɓi | Mai riƙe makulli | Kuɗi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Google Drive, OneDrive, Dropbox, iCloud | Kamfani | Kyauta 2 zuwa 15 GB, kimanin dala 2 a wata kan 100 GB | Mafi sauƙi | Satar asusu, rufe asusu, yawon mahaɗi |
| Proton Drive, Tresorit, MEGA | Mai kaya | Yawanci ya fi na sama tsada | Da sauƙi | Manta kalmar sirri, kuskuren manhaja |
| Cryptomator a kan babban kamfani | Mai kaya | Kuɗin kamfani da na manhajar waya sau ɗaya | Matsakaici | Rufe asusu, wahalar rabawa |
| Nextcloud ko akwatin ofis | Mai kula da saba | Kayan aiki, wuta, albashin mai kula | Sai gwani | Rashin sabuntawa, gobara, wuta |
| Syncthing | Mai kaya | Kyauta | Matsakaici | Rasa na'urori gaba ɗaya |

Wane ne ya dace da wane

Kafin a zaɓi ko ɗaya, akwai ɗan hakin da ake rainawa, wato lambar waya. Ana ƙwace asusu da dama ta hanyar saƙon lambar sirri da ke zuwa layin da aka sace, ko aka yi masa sauyin sim na damfara, ko ya daɗe a ajiye har kamfanin sadarwa ya sayar wa wani. Tabbaci mai mataki biyu ta manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar ya fi na saƙon tes ƙarfi, kuma lambobin ceto da ake bayarwa a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Haka nan kowane zaɓi a teburin nan yana bukatar kwafi na uku a faifan waje da ake cirewa bayan an kwafa, a kulle shi da manhajar kulle faifai irin BitLocker ko VeraCrypt, a ajiye shi a wani gida daban.

Ɗalibi da malamin da kayansu littattafai ne da takardun darasi da rubutun kammala karatu ba su da dalilin barin Google Drive ko OneDrive, abin da suke bukata shi ne tsare ƙofar asusu da kwafi a filash. Magidanci ko ɗan kasuwar da ke ajiye hoton fasfo da takardar fili da shaidar banki, ya bar sauran kayansa inda suke, ya buɗe foldar Cryptomator don waɗannan kaɗan ɗin, ko ya zuba su a gigabait 5 na Proton. Ɗan jarida da lauya da mai kare haƙƙin jama'a, waɗanda fitar takarda ɗaya kan iya jefa wani cikin haɗari, Proton ko Tresorit ne nasu, tare da mahaɗi mai kalmar sirri da ranar mutuwa, a kuma aika kalmar sirrin ta wata hanya daban da wadda aka aika mahaɗin.

Asibiti da makaranta da ƙungiyar agaji suna da ƙarin nauyi na doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, a Nijar ma akwai hukumar HAPDP mai irin wannan aiki. Irin waɗannan ma'aikatu su guji ajiye bayanan jama'a a asusun Gmail na wani ma'aikaci, domin ranar da ya bar aiki da su zai tafi. Idan suna da ma'aikacin kwamfuta na dindindin da wuta tsayayya, Nextcloud ya dace da su, in ba haka ba su sayi tsarin ma'aikatu na Microsoft ko Google ko Tresorit, inda ofis ne ke buɗe asusu da rufe shi. Mai ɗaukar hoton biki da mai tace bidiyo, waɗanda aikin rana ɗaya kan kai gigabait da dama, Syncthing tsakanin kwamfutocin shago da faifan waje guda biyu zai fi yi musu araha, su bar gajimare don tura wa mai biki kayansa idan an gama.